Tarihin Zaɓen Matasan 'Yan Ƙwallon Ƙafa a Arewacin Ƙasar Zazzau

Duk ƙungiyar ƙwallon ƙafa da ta ɗauki yaro ɗan shekara 15 ta sa shi cikin 'yan wasanta, cinikin biri a sama ta yi. Abin da take fatan samu shi ne ƙwararren da yaron zai zama bayan shekara biyar ko bakwai, wanda kuwa babu mahalukin da ya taɓa ganinsa. Saboda haka aikin mai zaɓen 'yan wasa aikin kintace ne, kuma kintacen nan bai tsayawa sai bisa abu biyu, wato sanin ainihin shekarun yaro, da kuma daɗewa ana kallonsa. Wannan lacca za ta bi tarihin waɗannan abubuwa biyu a arewacin ƙasar Zazzau, musamman yankin da ya ƙunshi ƙananan hukumomin Ikara da Maƙarfi da Kudan, don a ga wanda yake yin kallon a kowane zamani, da tsawon lokacin da yake ɗauka yana yi, da kuma dalilin da ya sa yaran wannan yanki suka fi zama 'yan kallo bisa zama waɗanda ake kallo.

Dandali da makaranta

Tun kafin Turawa su kawo tamaula, ƙasar Hausa tana da hanyarta ta gane matashin da zai yi fice a wasan ƙarfi. Da kaka, in an kawar da amfanin gona, samari kan taru a dandali su yi kokawa da langa, mahauta kuma su yi dambe. Ba a naɗa kowa mai zaɓe ba. Gari ne gaba ɗaya ke kallo, da makaɗa da dattawa da tsofaffin 'yan kokawa, kuma kallon ba na rana ɗaya ba ne. Yaron da ya kā da wani bana, an san wanda ya kā da shi bara, an san ubansa da irin ƙirarsa, an san ko mai zuciya ne ko mai saurin karaya. Abin da ya fi muhimmanci ga wannan bayani shi ne an san tsararsa. Babu takardar haihuwa, amma kowace uwa ta san matan da suka yi goyo tare, kowane namiji ya san waɗanda aka yi musu kaciya a ɗari guda. Ƙato ba ya shiga cikin yara ya ce shi sa'ansu ne, domin dariya za a yi masa.

Ƙwallon ƙafa kuwa ta hanyar bariki ta shigo: sojoji, da 'yan sanda, da ma'aikatan jirgin ƙasa, da makarantun boko. Layin dogo ya isa Kano a 1911, ya ratsa wannan yanki ta Likoro da Gimi, amma wasan ya zauna ne a inda ma'aikata suka taru, wato Sabon Garin Zariya da Kaduna da Kano. A makarantu, Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, wadda ta koma Kaduna a 1938, sa'an nan Zariya a 1949, kuma aka san ta da sunan Barewa, ta ɗauki wasanni tamkar darasi, bisa al'adar makarantun kwana na Ingila. Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, a can ya koyi wasan fayif, bai kuwa rabu da shi ba har ƙarshen rayuwarsa. Haka abin yake a Midil ta Zariya, wadda ta zama Alhudahuda.

A wannan zamani mai zaɓe shi ne malamin makaranta. Ya kamata a tsaya a nan kaɗan, domin ba a sake samun mai kallo irinsa ba. Yaro yana hannunsa shekara huɗu ko biyar, dare da rana. Ya gan shi a wasan gida da gida, ya gan shi ranar da aka ci su da ranar da suka ci, ya ga shekarar da ya yi tsawo farat ɗaya ƙafafunsa suka riƙa harɗewa, ya kuma ga ya dawo daidai. Daga makaranta a zaɓi na lardi, daga lardi a zaɓi na Jihar Arewa, har a shekarun 1960 aka riƙa haɗa ƙungiyar 'yan makarantun sakandare ta Nijeriya baki ɗaya tana karawa da takwararta ta Gana. Tsani ne mai matakala, kowace matakala da shaidunta.

Amma fa tsanin ƙunci gare shi. Yaran da suka fito daga gundumomin Ikara da Maƙarfi suka kai Midil 'yan ƙalilan ne, galibi waɗanda hakimi ko dagaci ya bayar da aka nemi yara. Har ila yau a nan ne aka fara rubuta shekarun da ba su tabbata ba. Hedimasta kan ce wa yaro ya ɗora hannu bisa kai ya taɓo kunnensa na ɗaya ɓangaren. In ya taɓo, ya isa shiga aji ɗaya, sai a rubuta masa shekara shida ko bakwai. Ba a yi haka da nufin ha'inci ba, amma daga ranar aka sami shekaru iri biyu: waɗanda gari ya sani bai rubuta ba, da waɗanda hukuma ta rubuta ba ta sani ba.

A 1976 abubuwa biyu suka faru tare. Aka yi gyaran ƙananan hukumomi, Ikara ta zama ƙaramar hukuma, wadda daga baya aka fitar da Maƙarfi daga cikinta, aka kuma fitar da Kudan a 1996, da hedkwata a Hunƙuyi. A watan Satumba na 1976 ɗin kuma aka ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta ga kowa. Makarantu suka bazu ƙauyuka, kowace da fili da turaku biyu a kowane gefe. Har yau filin firamare shi ne babban filin wasa na yawancin garuruwan yankin. Sai dai filin ya zo ba tare da malamin da aka bayyana a sama ba. An ɗebi malamai cikin gaggawa, makarantun na jeka-ka-dawo ne, kuma da kuɗin man fetur ya faɗi a farkon shekarun 1980, kuɗin wasanni na cikin waɗanda aka fara yankewa.

Zamanin ma'aikatu

Gasar da ta haɗa ƙasa ita ce Kofin Gwamna da aka fara a 1945, wanda daga baya ya zama Kofin Ƙalubale. Kano ta ɗauke shi a 1953. Gasar rukuni ta ƙasa ta soma a 1972, Mighty Jets ta Jos ta fara cinye ta, Raccah Rovers ta Kano kuma ta cinye ta a 1978. Kaduna ta karɓi baƙuncin bikin wasanni na ƙasa a 1977. A waɗannan shekaru yawancin ƙungiyoyi na ma'aikatu ne da kamfanoni, kamar masaƙar UNTL da ma'aikatar ƙera makamai ta Kaduna, wadda ƙungiyarta DIC Bees ta zama Ranchers Bees.

Hikimar wannan tsari ita ce ana ɗaukar saurayi aiki, ya yi wasa kuma. In ƙafarsa ta yi kyau, madalla. In ba ta yi ba, yana da albashinsa. Don haka ba a gaggawar yanke hukunci a kansa. Rashidi Yekini, haifaffen Kaduna a 1963, a ƙungiyar UNTL ya fara, ya koma Shooting Stars ta Ibadan a 1982, ya bi ta Abidjan, bai isa Turai ba sai 1990 yana da shekara 26 ko 27. Ya zama gwarzon ɗan wasan Afirka a 1993, ya ci wa Nijeriya ƙwallonta ta farko a gasar cin kofin duniya a 1994. Da a yau ne, dillalai da yawa sun ce ya tsufa tun kafin ya bar Afirka ta Yamma.

Ranchers Bees ta kai wasan ƙarshe na kofin zakarun kofuna na Afirka a 1988, ta kuma ɗauki kofin Afirka ta Yamma a 1989. Daga cikinta Clemens Westerhof, mai horar da ƙungiyar ƙasa, ya ɗauko Daniel Amokachi ya kai shi gasar Afirka ta 1990 a Aljeriya yana ɗan shekara 17. Ƙungiyar da ta ciwo zinariya a wasannin Olamfik na Atlanta a 1996 tana ɗauke da haifaffun Kaduna har biyar: Amokachi, da Tijjani Babangida, da Garba Lawal, da Celestine Babayaro da wansa Emmanuel. Abin alfahari ne ga jihar. Amma duka biyar ɗin 'yan birnin Kaduna ne, inda masaƙu da barikoki da filin wasa na Ahmadu Bello suke. Ba za a ce Allah ya ware baiwar ƙwallo ya ajiye ta a gefen kogin Kaduna ya hana Paki da Auchan da Gubuci ba. Idon ne yake can. Da masaƙun suka durƙushe, har UNTL ta rufe a 2007, idon ma ya ragu a birnin kansa.

Ranar da ƙuruciya ta yi kuɗi

A watan Agusta na 1985 Nijeriya ta doke Jamus ta Yamma da ci 2 da nema a ƙasar Sin, ta ɗauki kofin duniya na farko na 'yan ƙasa da shekara 16. An yi murna ƙwarai, kuma ta cancanta. Ta sake ɗaukar kofin, wanda ya koma na 'yan ƙasa da 17, a 1993 da 2007 da 2013 da 2015. Sai dai wannan nasara ta sauya ma'anar zaɓe. A da ana neman yaron da zai zama gwani nan gaba. Yanzu ana neman wanda zai ciwo kofi bana. Hanya mafi sauƙi ta ciwo kofin yara kuwa sananniya ce. Ga kuma ƙungiyoyin Turai da suka buɗe ido, waɗanda ke biyan ɗan 17 abin da ba za su biya ɗan 22 ba ko da ƙafarsu ɗaya. Shekara ta zama haja. Shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, ya sa kwantiragi ɗaya a Beljiyam ko Holan ya fi albashin shekaru a gida.

Ba sai an yi wa ma'aikacin gwamnati dogon bayani kan takardar rantsuwar shekaru ba, wadda ake karɓowa a kotu da ɗan kuɗi kaɗan. Wanda ya ga yadda ranar haihuwa kan matsa gaba a fayil in ritaya ta ƙarato, bai kamata ya yi mamakin ɗan ƙwallo ba. Al'ada ɗaya ce, kuma tushenta ɗaya: an kafa dokar wajabta rajistar haihuwa a 1992, amma haihuwar gida a karkara ta daɗe tana wucewa ba a rubuta ba.

Sakamakon bai jima ba. A 1989 hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA, ta dakatar da Nijeriya shekara biyu daga gasannin matasa, domin ranakun haihuwar wasu 'yan wasa da aka kai Olamfik na 1988 sun saɓa da waɗanda aka bayar a gasannin baya. Aka kuma ƙwace baƙuncin gasar 'yan ƙasa da 20 ta 1991. Bayan shekara ashirin, a gasar 'yan ƙasa da 17 ta 2009 da aka yi a Nijeriya, har aka buga wasu wasanninta a Kaduna da Kano, FIFA ta shigo da na'urar MRI mai ɗaukar hoton cikin jiki. Ana duba wuyan hannu ne: akwai wani guringuntsi a ƙarshen ƙashin damtse wanda yake haɗewa ya zama ƙashi in girma ya kammala, kuma in ya haɗe sarai, galibi mutum ya wuce 17. A 2016 'yan wasa 26 na sansanin Nijeriya suka faɗi wannan gwaji ana gab da karawa da Nijar, Nijar kuwa ta fitar da Nijeriya, mai riƙe da kofin duniya a lokacin. Na'urar ta rage ɓarna, amma iyakarta ta ce ƙashi ya haɗe ko bai haɗe ba. Ba ta san ranar suna ba, kuma jikin 'yan Adam bai girma da ma'auni ɗaya.

Wanda wannan al'amari ya fi cuta shi ne yaron gaskiya. Ɗan shekara 15 na haƙiƙa, in aka jera shi da ɗan 20 mai takardar 15, dole ya zama rarrauna, marar gudu, mai saurin faɗuwa. Masu bincike a Kanada sun nuna tun a shekarun 1980 cewa ko tazarar watanni tsakanin yaran shekara ɗaya takan sa masu zaɓe su fifita waɗanda aka haifa a farkon shekara, suna zaton baiwa ce alhali girma ne. To, in watanni na yin haka, ina ga shekara biyar?

Kwatanci da tsarin Amurka

Yana da amfani a dubi ƙasar da ta mai da zaɓen matasa wani babban sha'ani. A Amurka, a wasansu na ƙwallo wanda ake runguma da hannu, ƙungiyoyi ba sa rige-rigen sayen matasa. Tun 1936 suke zama sau ɗaya a shekara su yi zaɓen bi-da-bi daga cikin 'yan wasan jami'o'i, ƙungiyar da ta zo ta ƙarshe a bara ita ke fara ɗauka, don kada mai ƙarfi ya haɗiye kowa. Ƙungiyoyi 32 ne, zagaye bakwai. Kafin ranar akan tara fitattun matasan a birnin Indiyanafolis a auna tsawonsu da nauyinsu da gudunsu na yadi 40, likitoci su duba su, a yi musu tambayoyi. Haka ake yi a ƙwallon kwando, inda Hakeem Olajuwon, wanda ya taso a Ikko yana tsaron gida a ƙwallon ƙafa, ya zama zaɓin farko a 1984, Michael Jordan kuwa na uku.

Duk da wannan ɗawainiya suna kuskure. Wanda aka fara zaɓa a 1936, Jay Berwanger, bai taɓa buga wasan ƙwararru ba. Tom Brady, wanda ya ɗauki babban kofinsu sau bakwai, shi ne na 199 a zaɓen 2000. Wato an fifita mutum 198 a kansa. Idan masu awo da faifan kowane wasa suna irin wannan tuntuɓe, sai a yi tunanin mai kallon yini ɗaya. Abin lura shi ne ranar zaɓen ita ce ƙaramin ɓangaren tsarin. Ƙarƙashinta akwai gasar makarantun sakandare da ta jami'o'i, inda aka rubuta kowane wasa da yaro ya buga, da raunin da ya ji, da ranar haihuwar da ba ta motsi. Wato sun riƙe abu biyun nan da dandalin kokawa yake da su, suka mai da su rubutu. Wanda ya kwaso ranar zaɓen ya bar rubutun, ya ɗauko jinka ne babu ɗaki.

Halin da ake ciki a yankin

Yau babu garin da ba a buga ƙwallo a Ikara da Maƙarfi da Kudan, ga gidajen kallo inda yara suka san 'yan wasan Ingila da Sifen fiye da na Kano Pillars. Wasan yana bin kalandar noma. Da damina fili na komawa ciyawa, yara na gona. Da rani kuma, a wannan yanki na fadama, ga saran rake da dafa mazarƙwaila a ƙasar Maƙarfi, ga tumatir a Ikara, ga lambuna a Kudan, saboda haka atisaye sai da la'asar sakaliya. Gasar da aka fi gani ita ce kofin da wani shugaban ƙaramar hukuma ko ɗan takara ya sa, wadda kan yawaita in zaɓe ya matso, ta ɗauke in ya wuce. Akan cika fili maƙil, a raba kyauta, a watse, ba a bar ko takarda ɗaya mai sunayen waɗanda suka buga ba.

Yaron da ya yi fice a irin wannan gasa, hanyar da ta rage masa ita ce gwajin da ƙungiyoyi da makarantun ƙwallo da dillalai kan kira a Zariya ko Kaduna ko Kano. Ya sayi fom, ya biya mota, wani lokaci sai an sayar da buhun masara. Can zai tarar da ɗaruruwa irinsa, a ba shi mintoci kaɗan cikin mutanen da bai taɓa wasa da su ba, kowa na riƙe ƙwallo don a gan shi. Abin da ido ke iya kamawa cikin wannan ɗan lokaci shi ne girman jiki da gudu, su ne kuwa ainihin abubuwan da ƙarin shekaru ke bayarwa. Abubuwan da masana suka fi dogara da su ba sa fitowa a yini guda: yadda yaro ke tarbar ƙwallo da taɓawar farko, ko yana waiwaye ya san inda kowa yake kafin ta iso shi, ko ƙafarsa ta hagu na aiki, me yake yi a daƙiƙar da aka ƙwace masa, yaya zuciyarsa in an yi masa ƙeta alƙali bai hura ba, kuma in an gyara masa kuskure yau, zai maimaita shi mako mai zuwa? Ahmed Musa ya tafi Holan a 2010 ne bayan ya ci wa Kano Pillars ƙwallo 18 a kakar wasa guda, gida da waje, gaban dubban shaidu. Wannan hujja ce da ba ta bukatar rantsuwa. Gasar Kofin Ramat ta 'yan ƙasa da 16 da ake yi a Kano don tunawa da Janar Murtala Muhammed tana cikin 'yan matakalan da suka rage na tsohon tsani, amma kafin yaron Hunƙuyi ko Gazara ya taka ta, sai wani ya fara ganinsa a gida.

Akwai kuma batun kuɗi, wanda ya shafi ma'aikatan ƙananan hukumomi kai tsaye. Tun 2001 dokokin FIFA suka hana kai yaro ƙasar waje kafin ya cika 18, in ban da wasu 'yan dalilai. Dokokin sun kuma tanadi ladan reno: in ɗan wasa ya zama ƙwararre, ƙungiyoyin da suka horar da shi daga shekara 12 zuwa 21 suna da haƙƙi, kuma duk lokacin da aka sayar da shi daga wata ƙasa zuwa wata, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa waɗanda suka rene shi tsakanin shekara 12 da 23. A 2022 FIFA ta buɗe ofishi na musamman a Faris don biyan waɗannan kuɗaɗe, bisa wata takardar tarihin ɗan wasa da ke cikin kwamfuta, mai nuna inda ya yi rajista shekara bayan shekara. Sharaɗin shi ne ƙungiyar ta kasance mai rajista da hukumar ƙwallo, yaron ma an rubuta shi da sunanta. Ƙungiyar unguwa a Ikara da ta reni yaro tun yana ɗan 12, mai horarwa yana saya masa takalmi daga aljihunsa, in ba ta da rajista, ba za ta fito a takardar ba. Tarihin yaron zai fara ne daga ranar da wata makarantar ƙwallo ta Kaduna ko Abuja ta rubuta shi, da shekarun da ta ga dama, kuma can kuɗin zai tafi.